Sauron Baba

Shafi na 34

Masu turo min saƙo wai in tausaya wa Injiniya, yaro ne, kuskure ne, na ji ku. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku dawo mu yi maganar tausayi. Ku kuma masu dariya wai ana kuka a kan sauro, ina ganinku sarai, ku yi, ta ishe ku.

Ga baƙinmu na yau a taƙaice: Dakta ce ke kula da ɗakin kiwon sauro da ke ƙarƙashin tsohon ginin kimiyya na jami'a. Mahaifinta, tsohon farfesa, shi ya fara kiwon tun ba a haife ta ba. Ƙaninta, autan gidansu, shi ne injiniyan da ke jagorantar gyaran ginin da faɗaɗa shi. A ƙarshen mako aka lulluɓe benen sama aka turara maganin gara a tsofaffin katakan rufi. Ya rantse mata hayaƙin ba zai sauko ba. Yau Litinin ta buɗe ƙofa.

*

Ba ta yi ihu ba.

A ƙasa take zaune dirshan, ta jingina da ƙafar wata kantar keji. Takalminta ɗaya a ƙafa, ɗaya can bakin ƙofa. Keji ɗaya ta sauko da shi ta rungume a cinya.

Kejin raga ne jere a kan kantoci tun daga ƙasa har kusa da rufi, kuma ƙasan kowanne ya yi baƙi kamar an barbaɗa garin gawayi. Farantan ruwan da ta bari ranar Juma'a tsutsotsin sauro na ta wutsil-wutsil, yau duk sun kwanta a gindin ruwa. Audugar ruwan sukarin da ta ɗora musu don ta riƙe su kafin ta dawo, ga ta nan jiƙe sharkaf, ba wanda ya sha.

Wanda bai sani ba zai ce to sai me, sauro ne ya mutu, ai abin a yi murna ne. To ba irin na ɗakinku ba ne. Waɗannan tun da aka kamo kakannin kakanninsu, shekara arba'in da ɗoriya, ba su taɓa shaƙar maganin ƙwari ba ko sau ɗaya. Shi ya sa duk sabon maganin sauron da za a gwada, da su ake aunawa. In ya kashe su bai kashe na gari ba, an san na gari sun yi tauri. Wurare da dama sun karɓi iri a wurin Baba, wasu nasu suka mutu, wasu suka gauraye. Ƙarshe kowa nan yake dawowa roƙo.

Ko turare ba a shigowa da shi ɗakin nan. Dakta ta taɓa mayar da babban baƙo daga bakin ƙofa saboda ƙamshin rigarsa.

A sama kuwa aiki ake yi babu kama hannun yaro. Guduma, injin yanka ƙarfe, wani lebura har da waƙarsa.

Aka turo ƙofa a hankali.

"Yaya?"

Injiniya ne, hular kwanonsa a hannu, takalminsa duk siminti. Ya tsaya daga bakin ƙofa bai ƙarasa ba.

Ba ta ɗago ba.

"Cire takalminka."

"Yaya, ni..."

"Na ce ka cire takalminka. Ba a shigo musu da takalmin waje. Ka manta?"

Ya sunkuya ya kwance igiya. Ya shigo da safa, idonsa na bin kantocin ɗaya bayan ɗaya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duka?"

"Duba da kanka. Ai kai ne mai dubawa."

"Ƙwan fa? Wanda kike ajiyewa a kan takarda mai danshi?"

"A ɗakin nan ya kwana. Abin da iyayen suka shaƙa, shi ya shaƙa."

Ya durƙusa a gabanta. Ya kai hannu zai karɓi kejin, ta janye.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Na ce maka in kwashe su in kai wani wuri. Na ce ko rabi ne. Me ka ce min?"

Ya kawar da kai.

"Me ka ce min?"

"Na ce zafin waje zai kashe su a banza. Na ce nan ne mafi aminci."

"Sai me?"

"Na ce siminti ne tsakaninki da sama, hawa biyu."

"Sai me?"



"Na rantse."

"Ka rantse." Ta gyaɗa kai. "Na liƙe ƙofa da hannuna. Na liƙe taga. Har ramin makulli na cusa wa auduga, kana tsaye kana min dariya wai ina yi kamar mai sabon jariri. To ta ina ya shigo?"

"Yaya, yau Litinin ce fa. Baba..."

"Na sani. Na kira Mama ta riƙe shi a gida, ba ta ɗaga ba. Kada ka canza min magana. Ta ina ya shigo?"

Ya hau juya hular kwanonsa a hannu. Amma idonsa ya ci amanarsa, don sau ɗaya ya saci kallon bangon ƙurya ya yi maza ya ɗauke kai.

Ta gani.

Ta ajiye kejin a hankali, ta miƙe. A bangon akwai wata tsohuwar takarda da Baba ya liƙa da rubutun hannunsa, ta yi ja don tsufa. Gefenta na motsi, kaɗan-kaɗan. Ɗakin nan kuwa ba fanka, ba taga a buɗe.

Ta sa kafaɗa ta ture kantar. Kejin da ke kai suka girgiza, baƙin gari ya zubo mata a ɗankwali, ko a jikinta.

Ga shi nan. Wata 'yar tagar ƙarfe mai ƙananan huji a jikin bango, ta yi tsatsa. Ta ɗora tafin hannu a kai. Iska ce ke fitowa, sanyi ƙalau.

"Wannan a toshe yake," ta ce, muryarta can ƙasa. "Tun ina makarantar firamare a toshe yake."

"Daga sama aka toshe shi."

"Wa ya buɗe?"

"Kwamitin adana gine-ginen tarihi ne suka ce..."

"Ban tambaye ka wa ya ce ba. Wa ya buɗe?"

Ya miƙe tsaye, ya shafa kai.

"Yaya, ki saurare ni. Ginin nan tun kafin na'urar sanyaya ɗaki aka yi shi. Akwai hanyoyin iska a cikin bango, daga rufi suke saukowa. Sharaɗin da aka gindaya mana kafin a yarda mu ƙara sabon ɓangare shi ne mu dawo da su yadda suke a asali. Na sa yara suka fasa duk toshiyar da ke cikin rufi. Suna da yawa. A zanen ginin da aka ba ni, duk a hawan farko suke tsayawa. Wallahi ba a zana wannan ba."

"Zane."

"Wallahi, Yaya."

"Zane kake gaya min? Ni?"

Ta juyo gaba ɗaya. Sai yanzu ya ga idonta, ba hawaye, ja ne kawai.

"Wa ke hawa sama in an taso mu daga makaranta, ya kafa baki a bango ya yi ta ihu, 'Baba ina jin yunwa, Baba mu tafi gida'? Wa Baba ke amsa wa daga nan, ta wannan ramin, ya ce 'Auta sauko kafin in hau'? Saboda ihun wa da ƙurar da yake zubo mana Baba ya sa aka toshe shi?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Kai kaɗai ne a duk masu aikin nan ba ka buƙatar zane. Kai kaɗai!"

"Na manta."

"Ka manta."

"Ina ɗan yaro lokacin, Yaya. Abubuwa sun min yawa. Mai kwangila na kaina, kwamiti na kaina, hukumar jami'a kullum sai sun tambayi ranar gamawa. Na manta, wallahi na manta."

Ni dai a nan na so ta mare shi a wuce wurin, da ya fi sauƙi. Amma Dakta ba ta mari. Kallo take yi, irin wanda take yi wa abu a ƙarƙashin madubin bincike, kuma ta san ƙaninta tun yana tsumman goyo.

"Ban nuna maka ba ka kalli bangon nan," ta ce a hankali. "Ka shigo kana sane. Ka shigo ba ka tambayi me ya faru ba, sai ka ce 'duka?'"

"Yaya..."

"Yaushe ka tuna?"

Ƙarar injin yanka ƙarfe ta tsaya a sama. Ɗakin ya yi musu faɗi.

"Auta, kada ka yi min ƙarya a ɗakin nan. Yaushe ka tuna?"

"Asabar."

Ta dafa kanta.

"Asabar da yaushe?"

"Da safe. Bayan sun saki hayaƙin. Ina tsaye a waje ina kallon tampol ɗin da aka rufe bene da shi, sai kawai na ji muryata ina yaro. Kamar an buga min guduma a ƙeya."

"Asabar da safe."

"Na ruga wurin mai turaren maganin. Na roƙe shi ya tsayar. Ya ce an riga an saki, ba a mayar da shi cikin tulu. Ya ce yanzu ya cika bango, duk inda rami ya kai, ya kai."

"Asabar da yamma na kira ka."

"Eh."

"Na ce Auta hankalina bai kwanta ba, ko in leƙa su. Ka ce me?"

Hawaye ya zubo masa.

"Na ce komai lafiya, ki huta."

"Lahadi ka zo gidan Baba. Muka ci abinci a kwano ɗaya. Ka goya 'yata kana zagaya tsakar gida da ita. Baba ya ce 'Auta, ka kula min da yarana na ɗakin ƙasa dai ko?' Ka ce 'Baba kada ka damu.' A gabana. Ina zuba maka ruwa."

"Me kike so in yi?"

"Ka gaya min!"

Ihun farko ke nan da ta yi tun safe. Har muryarta ta fashe.

"Ka gaya min, Auta! Waya ɗaya! Ina da makullin ƙofar waje. Da na shiga na fito da keji ɗaya. Ɗaya tak ya ishe ni in tayar da iri. Da na riƙe numfashi..."

"Shi ya sa."

"Me?"

"Shi ya sa ban gaya miki ba!"

Shi ma ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mata ba.

"Mai turaren ya ce duk wanda ya shiga ba zai fito da ƙafarsa ba. Ya ce ko su da kayan kariyarsu ba sa shiga sai an buɗe iska ta kwashe. Na san ki, Yaya. Na san ki! Ba keji ɗaya za ki ɗauka ba. Za ki fito da ɗaya, ki ce bari in ƙara ɗaya. Za ki koma. Sai in zo in ɗauki gawarki a kan matakala, in je in ce wa Baba me? In ce wa 'ya'yanki me?"

"Ba kai za ka zaɓar min ba."

"Na zaɓa. Kuma ko yau aka sake, haka zan yi."

"Ka san lokacin da kake waya da ni suna mutuwa."

"Na sani."

"Ka yi barci?"

"A mota na kwana, a bakin shingen nan, ina tsaron ƙofar waje. Ina tsoron kada ki zo."

Ta zuba masa ido. Tausayinsa ya taso mata, ta danne, don in ta bari ya fito ba ta san inda za ta ajiye fushin ba. Ta so ta tsane shi ta huta, amma ya hana ta ko wannan.

Ta koma ta zauna a ƙasa.

"Ka cece ni," ta ce. "Na gode. Yanzu ka gaya min me zan yi da ran da ka bar min."

"Assalamu alaikum. Dakta, wai me nake ji?"

Shugaban Sashe ne ya shigo, hankici a hanci, takalminsa a ƙafa. Ba wanda ya ce ya cire. Mutum ne mai santsin baki, irin wanda in gini na cin wuta zai fara tambayar ko an sanar da ofishinsa.

Ya zagaya kantocin yana girgiza kai.

"Subhanallahi. Subhanallahi. Wa ya san wannan bayan ku?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe," in ji Injiniya.

"Madalla. To a bar shi haka tukuna."

Ya ci gaba da leƙe-leƙe har ya kai kantar da ke bayan ƙofa, mafi nisa da ramin. Ya sunkuya. Ya ƙwanƙwasa ragar kejin ƙasa da yatsa.

"A'a! Dakta, zo ki gani. Ai ga wasu nan da rai."

Injiniya ya yi tsalle ɗaya ya isa. Ya kafa fuska a raga.

"Yaya! Yaya, suna motsi! Wallahi ga su nan a jikin raga, 'yan kaɗan ne amma suna tashi!"

Ya sungumo kejin ya kawo gabanta, yana dariya yana kuka.

"Kin ce ɗaya ya ishe ki. Ga shi, Yaya. Allah ya duba mu."

Ta kalli kejin. A saman tarin gawa, wasu 'yan tsiraru na maƙale da raga, suna ɗaga ƙafa da ƙyar.

"Na gan su tun ɗazu."

"To me kike jira?"

"Auta, guba ta shigo ɗakin nan ta kashe dubbai. Waɗannan ba ta kashe su ba. Me ya sa?"

"Sun yi nisa da ramin."

"'Yan'uwansu na keji ɗaya ma sun yi nisa da ramin. Ga su nan a ƙasa."

Dariyar ta fara gushewa daga fuskarsa.

"Waɗannan su ne masu taurin rai," ta ce. "In na kiwata su, taurin za su haifa. Jikokinsu za su yi kama da na Baba, su yi kuka irin na Baba. Amma in aka gwada magani a kansu, ƙarya za su faɗa. Amfanin sauron Baba ɗaya ne a duniya, bai san guba ba. Waɗannan sun sani."

"Amma maganin gara ne, ba na sauro ba."

"Ba zan iya rantsewa a kansu ba. Wanda ba zan iya rantsewa a kansa ba, ba nawa ba ne."

Shugaban Sashe ya gyara murya, ya ninke hankicinsa.

"Dakta, mu yi magana ta manya. Sabon ɗakin kiwon da ake gina miki a sama, kin gan shi. Ƙofa biyu, na'urar danshi, komai. Don saurayen nan aka amince a yi faɗaɗawar gaba ɗaya. Sunan mahaifinki za a sa wa ɗakin. In aka ji babu su, kin san abin da zai biyo baya? Ɗalibanki masu digiri na uku da aikinsu ya rataya a kansu fa? Wannan bawan Allah fa?" Ya nuna Injiniya da haɓa. "Aikinsa na farko babba ke nan. In magana ta fita, ko kejin kaji ba wanda zai ƙara ba shi ya gina."

"Ranka ya daɗe, me kake so in yi?"

"Ki share ƙasa. Ki kiwata waɗannan. Kafin buɗe gini sun cika keji. A ce an ɗan sami raguwa saboda ƙurar aiki. Sauro dai sauro ne a ido, wa zai leƙa cikinsu?"

"Magungunan da za a gwada da su, a gidajen mutane za a fesa. A ɗakin jarirai."

"Ke ma kin ce ba ki da tabbas. Ta yiwu ba abin da ya same su."

"Ta yiwu."

"To!"

"Baba bai taɓa rubuta 'ta yiwu' a kan keji ba."

Shugaban ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Farfesa malamina ne, ina girmama shi. Amma ki tuna halin da yake ciki. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye bara, likita ya ce ko labarin rasuwar maƙwabci kada a kai masa kai tsaye. Idonsa ba ya gani sosai. Me ya rage masa? Zuwan nan na ranar Litinin, ya ɗora hannu a raga su sha jininsa, ya koma gida yana fara'a. Ke za ki ƙwace masa wannan?"

Nan ya same ta. Ya kuma san ya same ta.

Don gaskiya ne. Sati guda Baba yake yi a kwance yana kallon bango, ba ya son magana, ba ya son abinci. Amma ranar Litinin tun da sassafe zai ce a fito masa da rigar da hannunta ke naɗuwa, kuma kada a wanke ta da sabulu mai ƙamshi. Mama har kishi take yi, tana cewa ita ba ta taɓa samun ko rabin wannan kwalliyar ba.

Injiniya ya durƙusa ya riƙe gefen zanenta.

"Yaya, ba don ni ba. Wallahi in kin ce in je in faɗa wa hukuma, yanzu zan hau sama in faɗa. Su kore ni. Amma Baba... ki bar shi ya ciyar da waɗannan yau kawai. Ba zai gane ba. Yau kawai."

"In suka sha jini za su yi ƙwai."

"Sai ki zubar."

"Sati mai zuwa fa? Da na bayansa? Zan dinga kiwon ƙarya ina miƙa wa ubana ya ba ta jininsa?"

"To ki gaya masa ni na kashe su, ki ga ko zai kai la'asar!"

Ta rufe fuska da tafukanta. Sai yanzu kukan ya zo, marar sauti, kafaɗunta kawai ke girgiza. Ta duba gabas ta duba yamma a cikin zuciyarta, ba ƙofa ko ɗaya. In ta yi shiru ta ci amanar aikin Baba. In ta yi magana ta yiwu ta kashe Baban kansa, ta haɗa da ƙaninta.

Ta share fuska da gefen ɗankwali, ta miƙe, ta ɗauki kejin.

"Ina za ki?" in ji Shugaban.

"Firjin ƙanƙara. Haka muke kashe waɗanda suka gurɓata."

Injiniya ya riga ta isa ƙofa, ya tare da hannu biyu.

"Ba ni hanya, Auta."

"Yaya, ki yi wa Allah."

"Ka zaɓar min ranar Asabar. Yau ni zan zaɓa. Ba ni hanya."

"In kika sa su a ƙanƙara, shi ke nan fa. Ba abin da ya rage."

"Tun Asabar ba abin da ya rage."

Ƙwas.

Su ukun suka tsaya cak.

Ƙwas. Sai jan ƙafa. Ƙwas.

Sanda ce a kan simintin gangaren ƙofar waje. Sai muryar Mama tana mita.

"Malam, a hankali mana. Ba guduwa za su yi ba. Ka sa na baro wayata a gida saboda azarɓaɓinka."

"Kwana biyu ba su ga kowa ba, kin san yunwar da suke ji? Ke dai riƙe ni."

Injiniya ya sauke hannuwansa. Fuskarsa ta yi fari fat. Shugaban Sashe ya yi wuf ya ja baya cikin ƙurya, yana yi wa Dakta alama da ido, yana ɗora yatsa a leɓe.

Ƙofa ta buɗe.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, Mama na tallafe da shi ta ɓangaren da ya shanye. Ya saɓule takalmansa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya tura su gefe da sanda. Hannun rigarsa na dama a naɗe yake har gwiwar hannu tun daga gida.

Mama ce ta fara ganin kantocin. Ta buɗe baki, ta dubi 'yarta, ta dubi ɗanta, ta rufe bakin da hannu.

Baba kuwa inuwa kawai yake gani. Ya yi murmushi da rabin fuskarsa.

"Uwata, ke ce?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ke tare da ke? Kamar tsayin Auta."

"Ni ne, Baba. Ina kwana."

"A'a, Injiniya da kansa! An gama korar gara, an sauko gaida masu gida? Ka kyauta. Allah ya yi maka albarka."

Injiniya ya kasa cewa amin.

Baba ya laluba da hannu, yatsunsa suka taɓa ragar kejin da ke ƙirjin Dakta.

"Au, har kin sauko min da su. Yauwa. Riƙe da kyau."

Ya jingina sandar a jikin Mama. Ya ɗaga tsohon hannun nan mai cike da tabon cizo, ya nufi raga da shi. A ciki, 'yan tsirarun suka ji ɗumin jiki, suka fara tattakowa.

"Ku zo, yarana. Ku zo, na san kun jigata."

Saura kaɗan fatarsa ta taɓa raga, Dakta ta cafke wuyan hannunsa.

"Baba, kada ka sa."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. Ya ji yatsunta sanyi ƙalau. Ya juya kai a hankali wajen da numfashin Auta ke fita da ƙyar, ya dawo da shi kanta.

"Tun da na fara, ba a taɓa riƙe min hannu a ɗakin nan ba."



"Uwata," ya ce, muryarsa ta canza. "Me ya sami yarana?"